Uwar Ɓeraye da Layi na Uku

Kafin a laƙaba mata suna Uwar Ɓeraye, babu halittar da take tsoro a duniya kamar ɓera. Mijinta kafinta ne, kuma har gobe yana ba da labarin ranar da wani ɗan ɓera ya gifta ta kan ƙafarta a shagonsa, ta yi tsalle ta ɗare wani teburi mai ƙafa uku da bai gama haɗawa ba. Teburin ya kife da ita, ta gurɗe a hannu, ɓeran kuwa ya wuce abinsa ko waiwaye bai yi ba. Duk sanda ya zo nan a labarin sai ta ce, "Malam, ai kai ka bar teburi ba ƙafa." Shi kuma ya ce ai ba don hawa ya yi shi ba.

Ita ce babba a ɗakinsu. Karatunta bai wuce aji huɗu ba, domin ƙanne sun yi yawa kuma hannun Inna biyu ne kacal. Da Inna ta rasu, abin da ya zo hannunta bai wuce tukwane biyu da wani tsiro ba. Tsiron ba shi da wani kyan gani. Gajere ne, ganyensa mai kauri, bayan ganyen da ɗan gashi-gashi, kuma ya fi son gindin bango inda ruwan wanke-wanke ke bi. Inna ba ta taɓa kiransa da suna ba, sai dai ta ce, "Je ki tsinko mini ganyen nan." In yaro ya yanke ko ya goge gwiwa, a wanke wurin da ruwa mai kyau, a daka ganyen ɗanye, a matse shi a cikin farin ƙyalle, a ɗiga ruwan a kan ciwon. Shi ke nan. Ba a haɗa shi da komai, ba a karanta masa komai.

Auren kafinta ya sa tsiron bai taɓa samun hutu ba. Yau zarto, gobe kurfi, jibi guduma ta kuskure ƙusa ta sami babban yatsa. Duk gidan hayar da suka koma, kafin a shigar da gado sai ta fara duba gindin bangon da za ta dasa shi.

Tana da 'ya'ya uku ta sami aikin shara a wata makaranta da ake koyar da haɗa magunguna. Shekara goma sha biyu tana share baranda, tana goge tagogi, tana kwashe takardun da ɗalibai ke yayyagawa bayan jarrabawa. Ba ta taɓa makara ba. Maigadi ma da ita yake saita agogonsa. To wannan zuwa da wuri shi ya ja mata. Da tsohon da ke kula da ɗakin dabbobi ya yi ritaya, shugaban sashen, wanda kowa ke kira Farfesa, ya zauna ya yi tunanin wa zai amince wa, sai ya aika a kira ta.

"Iya," in ji shi, "mun ga ƙoƙarinki. Mun ƙara miki matsayi."

"Na gode, ranka ya daɗe. Allah ya saka."

"Daga ranar Litinin ke ce mai ɗakin dabbobi."

Ta koma gida da murna, tana zaton awaki ne, ko a ce abin ya yi tsanani, zomaye.

Ɗakin yana can ƙarshen gini, dogo ne, da taga ɗaya a sama da fanka mai ƙara. Kantocin ƙarfe ne jere daga wannan bango zuwa wancan, a kansu kejina na roba masu murfin waya, kowane da kwalbar ruwa a kife. Da aka buɗe mata ƙofa, fararen ɓeraye sun fi ɗari suka ɗago kai gaba ɗaya suka zuba mata jajayen idanu. Ta ce wa wanda ya rako ta tana zuwa, ta fita bayan ginin ta zauna a kan dutse. Ta so ta je ta ce ta fasa, sai ta tuna ta riga ta yi godiya har da addu'a.

Makon farko da dogon ludayi take zuba musu abinci, fuskarta a juye. Kafinta ne ya fi kowa cin riba, domin garin katakon da ya rasa inda zai zubar a shago ya sami masu so, shi ake shimfiɗa wa ɓerayen. Yakan ce yanzu shi ma ma'aikacin makarantar ne, sashen katifa. Abin da ya sauya ta wata safiya ce da ta ɗaga murfi ta tarar wata ta haihu, 'ya'ya tara jajaye kamar yatsun jariri, uwar tana ta tattaro su da baki tana turawa ƙarƙashin cikinta, ɗaya na zamewa tana komawa. Iya ta tsaya tana kallo, ta ce, "Sannu, baiwar Allah. Tara ai da aiki." Daga ranar ta ajiye ludayin. Kafin shekara ta zagayo ta san mai cizo, ta san mai kwaɗayi, ta san wanda ba ya shan ruwa sai an jijjiga masa kwalba. Tana shiga da safe tana gaishe su ɗaya bayan ɗaya. Ɗalibai suka ji ta, suka sa mata sunan, ita kuma ba ta hana ba.

A shekara ta huɗu aka kawo wata sabuwar malama, siririya mai tabarau, mai tafiya kamar an aike ta. Dakta ake ce mata. Bincikenta a kan tsirran da ke warkar da ciwo ne. Wata rana kwalbar gwaji ta fashe a hannunta ta yanke ta a tafi, washegari sai ga Iya da ganye a ƙulle cikin leda. Dakta ta yi godiya sosai, ba ta ɗiga ko ɗigo ɗaya a hannunta ba, amma ta karɓi ganyen ta juya shi, ta shinshina, ta tambayi inda yake fitowa da yadda Inna ke amfani da shi. Iya ta ba ta labarin hannuwan kafinta.

"Kin ga, Iya," in ji Dakta, "kowane ganye akwai sinadarai iri-iri a cikinsa. Wani yana kashe ƙwayoyin cuta, wani yana rage kumburi, wani yana sa sabuwar tsoka ta taso ta rufe ciwo. Wani kuma ba ya yin komai, zaman haya kawai yake. Aikinmu mu gano wanne ne ke yin aikin."

"Ikon Allah. Inna dai ba ta taɓa tambayarsa ba."

Wata huɗu Iya tana kawo ganye, har ta bi gidajen da ta taɓa zama tana roƙon a bar ta ta tsinka. Dakta ta shanya shi, ta niƙa, ta jiƙa garin a wani ruwa mai warin asibiti, ta tace, ta ɗora a wuta har ya ƙafe ya bar wani baƙin abu mai danƙo a gindin kwalba. Buhu guda na ganye, abin da ya rage bai cika cokali uku ba. Ta cakuɗa shi da farin man shafawa. Iya ta leƙa kwalbar, ta ce a ranta wannan ko Inna ta dawo ba za ta gane shi ba, amma ba ta ce komai ba, domin ba ita ta yi karatu ba.

Ranar fara gwaji aka zaɓi ɓeraye talatin. Kowane aka sa masa maganin barci, aka aske masa baya, aka cire 'yar fata zagaye kamar maɓallin riga. Sai aka jera su layi uku, goma-goma. Layi na ɗaya za a riƙa shafa musu man ganyen. Layi na biyu man ciwo na kantin magani. Layi na uku kuwa farin man kawai, wanda babu komai a cikinsa.

Iya ta bari ɗalibai suka fita, sannan ta matso.

"Dakta, na layi na uku fa, me suka yi?"

"Ba su yi komai ba, Iya. Su ne ma'auninmu. In ba mu ga yadda ciwo ke warkewa da kansa ba, ta yaya za mu san magani ne ya yi aiki?"

"To ai na gaya miki yana aiki."

"Kin gaya mini, na kuma yarda da ke. Amma can inda zan kai takarda ba sa karɓar ‘Iya ta gaya mini’."

Kwana biyu ta daure. A safiya ta uku ta tarar da wani na layi na uku, mai tsagaggen kunne, ya takure a lungun keji bai taɓa abincinsa ba. Ta yi masa magana bai ɗago ba. A cikin jakarta akwai 'yar kwalbar da take zuba ruwan ganyen saboda kafinta. Ta duba ƙofa. Dakta da ɗalibanta ba sa zuwa sai ƙarfe goma, yanzu kuwa ko bakwai ba ta yi ba. Ta ce ɗigo ɗaya dai ba zai rushe makaranta ba. Ta ɗiga masa. Da ta juya sai ta ga na kusa da shi ya miƙe ya dafa waya yana kallonta, ita kuwa uwa ce, ba ta iya ba wa ɗa ɗaya a gaban ɗan'uwansa. Kafin bakwai da rabi duk goman sun samu. Ta bari ya bushe, ta goge gefen da auduga. Wadda ta shekara goma sha biyu tana goge sawun mutane ba za a koya mata goge nata ba.

Haka ta yi kowace safiya, da sabon ruwan da ta matse kafin ta fito daga gida. Layi na ɗaya da na biyu ba ta taɓa su ba, tunda su suna da mai yi musu.

Duk bayan kwana biyu Dakta takan ɗora wata takarda mai kama da gilashi a kan kowane ciwo, ta zana girmansa, ta auna. Da farko tana yi tana 'yar waƙa. Daga baya waƙar ta tsaya. Layi na uku, waɗanda a takarda ba a ba su komai ba, su suka fara warkewa tas. Na man ganye suka biyo baya da kwanaki, kafaɗa da kafaɗa da na kantin magani.

Dakta ta ce lalle an yi kuskure a wani wuri. Ta sake dafa sabon magani, ta sake zaɓar wasu talatin, ta sake komai daga farko. Iya ta yi wa kanta alkawari wannan karon ba ruwanta, ta ma bar kwalbar a gida. Alkawarin ya kai kwana huɗu. Sakamako ya sake fitowa kamar an kwafa.

Farfesa ya fi kowa murna. Ya zo ɗakin dabbobi da kansa, abin da bai taɓa yi ba, ya toshe hanci da hankici ya tsaya gaban layi na uku yana gyaɗa kai. Ya ce wannan ai babban abu ne, an gano cewa farin mai zalla ya fi maganin da kamfanoni ke sayarwa. Ya ce akwai taron masana nan da wata biyu, shi da kansa zai gabatar. Ya yaba wa Iya a kan tsabtar ɗakin, ya ce irin wannan riƙon amana ne ke sa bincike ya yi kyau.

Dakta kuwa ta rame. Shekara guda ta tafi. Wata rana da hantsi ta sami Iya tana wanke kwalaben ruwa, ta tsaya kusa da ita ta yi ta juya biro a hannu.

"Iya, ki yi haƙuri da abin da zan faɗa. Na san yadda kika ɗauki ganyen nan. Amma sau biyu ke nan. Ba ya aiki. Ƙila ma jinkirta warkewa yake yi, tunda waɗanda ba a shafa wa ba sun riga waɗanda aka shafa wa. Ba laifin Innarki ba ne, haka mutane ke yi, ciwo ya warke da kansa sai a gode wa ganye. Zan rubuta haka, don kada wasu su dogara da shi."

Iya ta ce to. Ta ci gaba da wanke kwalba ɗaya har sai da Dakta ta fita.

Da yamma Iya ta sami kafinta a ƙofar shago yana goge wata kujera, ta zauna a kan benci ta kwashe komai ta gaya masa. Ya ajiye abin gugar, ya dube ta, ya dubi hannuwansa.

"Bari in gane. Kin ba marasa magani magani."

"Na ba su."

"Suka warke."

"Suka warke."

"Shi ya sa yanzu za a rubuta wa duniya cewa maganin ba ya aiki."

Ya gyara zama.

"Wato ke da kanki kika tashi da sassafe shekara guda, ba fashi, kina tara shaidar cewa Inna ba ta san abin da take yi ba." Ya so ya yi dariya, ya ga fuskarta, ya haɗiye rabi. "Maman yara, ki je ki faɗa."

"Za su kore ni."

"Ƙila. In sun kore ki ga shago, dama ina neman mai riƙe mini katako. Amma yarinyar nan ba ta yi miki komai ba, ga shi kin sa tana zargin kanta da lissafinta."

Kwana uku tana zuwa bakin ofishin Dakta tana komawa. A na huɗu ta tarar da ita a ɗakin gwaji tana jera kwalaben baƙin maganin a kwali za a kai shara. Iya ta rufe ƙofa, ta ciro 'yar kwalbarta daga jaka ta ajiye a kan teburi.

"Dakta, layi na uku sun sha magani. Ni na ba su."

Dakta ta dubi kwalbar, ta dubi Iya. Ta cire tabarau. Babu kujera kusa, sai ta zauna a kan bokitin da aka kife.

"Sau biyun?"

"Sau biyun."

"Kowace safiya?"

"Har ranar da ba aiki. Ai ina zuwa ba su abinci."

"Me ya sa, Iya?"

"Suna kallona."

Dakta ta mayar da tabaraunta. Ta tashi ta fita, ta bar kwalin a buɗe. Kwana biyu in sun haɗu a baranda sai ta kalli bango. Iya ta fara kwashe 'yan kayanta daga ɗakin dabbobi, kofinta da takalmin roba da tsohon zanen da take ɗaurawa a kan riga. A rana ta uku tana cikin sallama da mai tsagaggen kunne, wanda yanzu ya yi ƙiba ya zama uban wasu, sai ga Dakta da littafi a hannu, ba ko gaisuwa.

"Abin da kika ɗiga musu, yaya kike haɗa shi?"

"Yadda na gaya miki tun farko. A daka, a matse."

"Ba kya shanyawa?"

"A'a."

"Ba kya dafawa?"

"Dakta, ganyen ciwo ne, ba na miya ba."

Dakta ta rubuta wani abu, ta ja layi a ƙarƙashinsa har biro ya kusa huda takardar. Ta ce, kamar da kanta take magana, wata huɗu ta yi tana ƙona abin da take nema. Sannan ta ɗago ta ce, "Har yanzu ina fushi da ke, kada ki ga ina tambaya."

"Ai da gaskiyarki."

Ba a kore ta ba, amma an zauna a kanta. Farfesa ya fi Dakta fushi nesa ba kusa ba, domin ya riga ya aika da sunan jawabinsa, har ya ba da ɗinkin sabuwar kwat. Ya ce shekara talatin yana aiki bai taɓa ganin mai shara ta ƙaryata farfesa ba tare da ta iya rubuta sunansa ba. Dakta ce ta tsaya mata. Ta ce laifin ba na mutum ɗaya ba ne, ita ma ta bar wa mai tausayi mabuɗi, ta kuma rubuta a jikin kowane keji wa ke shan magani wa ba ya sha. Aka ba Iya takardar gargaɗi mai hatimi biyu. Babbar 'yarta ce ta karanta mata a gida, tana yi tana fassara manyan kalmomin, kafinta na gefe yana cewa a ƙara maimaita wurin da aka ce "ganganci".

Gwaji na uku an yi shi da sababbin dokoki. Aka karɓe mabuɗin daga hannun Iya, aka kafa doka cewa ba mai shiga ɗakin dabbobi shi kaɗai sai da izini a rubuce. Aka ƙara layi na huɗu, na ɗanyen ruwan ganye, wanda Iya ke matsewa kowace safiya a gaban Dakta. Wani malami daga wani sashe ne ke zuba magungunan a kwalabe masu duhu iri ɗaya, ya sa musu lamba, ya kulle takardar bayanin a durowarsa. Ko Dakta ba ta san layin da ke shan me ba. Wannan ya wahalar da Iya fiye da takardar gargaɗin. Da can ta san waɗanda za ta tausaya wa, yanzu kuwa dole ta raba tausayin gida huɗu. Ta tambaya ko za ta iya ƙara musu abinci gaba ɗaya, Dakta ta ce ko ƙwaya ɗaya. Ta tambaya ko magana fa, Dakta ta yi tunani, ta ce magana ta halatta, in dai za ta yi wa kowane layi daidai.

Ranar da aka buɗe durowa, Dakta ta shigo ɗakin dabbobi kusan da gudu. Ɗanyen ruwan ganye ya rufe ciwo kwana uku kafin na farin mai. Baƙin maganinta da ta dafa kuwa bai fi farin man da komai ba.

"Kwana uku kawai?" in ji Iya.

"Kwana uku, Iya. Kin san abin da kwana uku ke nufi?"

"Ni a zatona za a ce mako biyu."

Dakta tana murna kamar an yi mata albishir da haihuwa, Iya kuwa ta wuni ranta a jagule. Shekara biyu, ɓeraye ɗari, takardar gargaɗi, duk a kan kwana uku. Da ta gaya wa kafinta sai ya ce ita ba ta taɓa riƙe guduma da yankakken yatsa ba, shi ya sa take raina kwana uku.

Sai da Dakta ta ƙara shekara biyu kafin ta ware sinadarin da ke yin aikin. Aka sa masa wani suna mai tsawo da Iya ta gwada faɗa sau ɗaya ta haƙura. Ashe abu ne marar jimiri, zafi kaɗan ke lalata shi, ko a kwalba aka ajiye shi ba ya wuce kwana biyu. Shi ya sa har Iya ta bar aiki ba a mai da shi man da za a sa a kanti ba. Mutanen wani kamfani sun zo sau ɗaya, suka sha shayi a ofishin Farfesa, suka ji batun kwana biyun, suka ce za su kira. Takardar binciken dai ta fito, da sunan Dakta da na Farfesa a sama. A shafin ƙarshe, cikin ƙananan haruffa, an gode wa mai kula da dabbobi saboda samar da ganye da kuma "wata lura da ta sauya alƙiblar aikin". Dakta ta kawo mata kwafi har gida. Iya ta sa shi a leda ɗaya da takardar gargaɗin, tunda a ganinta magana ɗaya suke yi.

Akwai wani abu kuma da gwaje-gwajen baya suka nuna, wanda Iya ta gani da idonta. In ciwo mai zurfi ne kuma da datti a ciki, ganyen yakan sa baki ya rufe da wuri, mugunya ta taru a ƙasa. Ta riƙe wannan sosai. Ana saura shekara ɗaya ta yi ritaya, kafinta ya taka tsohuwar ƙusa mai tsatsa, ta shige masa tafin ƙafa. Ya ɗingiso gida ya zauna ya miƙe ƙafar, ya ce a tsinko ganye. Ta duba ramin, ta ɗauko mayafinta.

"Tashi mu tafi asibiti."

"Asibiti kuma? Shekara talatin kina ɗiga mini."

"Wannan ba na ganye ba ne. Rami ne. Sai an wanke ciki an yi maka allura."

"Wa ya ce?"

"Na gani a wajen ɓeraye."

Ya yi ta mita a hanya, yana gaya wa mai tuƙa su cewa ya auri mace mai magani, ɓeraye sun mai da ita mai rakiya. A asibiti ma'aikaciyar jinya ta ce da ya kwana biyu da wannan ƙafar da labarin ya sha bamban. Sai da suka fito ya ce allurar ma ai ba ta da zafi.

Yanzu ta yi ritaya. Gwiwoyinta sun fara ba ta labari, amma tana nan da ƙarfinta. Matan unguwa na kawo mata yara masu gogaggiyar gwiwa, takan duba, wasu ta ɗiga musu, wasu ta ce a wuce asibiti, kuma ba a ja da ita. In an tambaye ta ko ganyen na aiki, takan ce yana rage kwana uku, abin da ke sa wasu su yi zaton ba ta yarda da kayanta ba.

Wata ɗaya bayan ta bar aiki ta shirya ta koma makarantar domin gaishe da 'ya'yanta na cikin keji, da buhun garin katako a ka. Wanda ya gaje ta, wani mutum mai tsare gida da bai san ta ba, ya karɓi buhun ya yi godiya, amma ya tsaya a bakin ƙofa. Ya ce ta yi haƙuri, ba a shiga sai da izini a rubuce. Ya ce doka ce mai ƙarfi, an ce wata mata ce ta taɓa yin ɓarna a nan shekarun baya.

Iya ta ce ta ji labarin. Ta tambaye shi ko yana jijjiga wa na kejin ƙarshe kwalba, ya ce bai san ana yi ba. Ta nuna masa yadda ake yi da hannu, daga nan bakin ƙofa, sannan ta tafi neman Dakta ta rubuta mata izini.